Mai Baki Biyu: Tarihin Bindigar Maigadi a Masana'antun Kano

Ina da wani kawu, Allah Ya jiƙansa da rahama, tsohon soja ne da aka yi yaƙin basasa da shi, wanda bayan an sallame shi ya samu aikin shugaban masu gadi a wata masana'anta da ke Bompai. A nan ya zauna har furfura ta cim masa. Duk ranar Lahadi da hantsi, idan injuna sun yi shiru ma'aikata suna gida, sai ya shimfiɗa buhu a inuwar darbejiyar da ke bakin ɗakin gadi, ya ɗauko bindigar kamfanin, mai baki biyu, ya raba ta gida uku ya jera a gabansa. Ni a lokacin ina ɗan firamare, aikina shi ne kai masa abinci daga Gwagwarwa, kuma iyakar abin da ya yarda hannuna ya taɓa a wurin shi ne tsumma.

Kwanakin baya na bi ta wannan layi, na tarar masana'antar ta zama sito, darbejiyar ma an sare ta. Ina tsaye sai tambayar da ban taɓa yi wa Kawu ba ta faɗo mini: me ya sa wannan samfurin bindiga, wadda ake karya ta a tsakiya a zura mata harsashi, ita ce ta zama bindigar bakin ƙofar kamfani a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ba wata ba? Amsar tana da tsawo, domin sai an koma baya ƙwarai.

Bindiga dai ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta tun zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno. Masana da yawa suna ganin wannan ya yi wuri, ni ma haka nake gani, domin a lokacin ko a Turai bindigar hannu rarrafe take yi. Inda maganar ta fi ƙarfi shi ne ƙarni na 18. A zamanin Kumbari aka ce an shigo da bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Jikokin wannan al'ada su ne waɗanda kake gani da hawan Salla suna cika gari da hayaƙi da ƙara.

To amma wace irin bindiga ce? Bindigar toka ce, wadda ake ɗura ta ta baki. A zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa da sanda, sannan a jira ƙanƙara ta ƙyasta wuta. Yawancinsu a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera su musamman don kasuwar Afirka, masu araha, a kawo su bakin teku, fatake su hauro da su. Kafin mai ita ya gama ɗuri na biyu, mahayi ya iso kansa da mashi. Idan aka yi ruwa kuwa albarushi ya jiƙe, to ta zama kulki. Shi ya sa barade suka raina ta, aka bar ta a hannun bayin sarki. Wanda ya ɗauke ta da muhimmanci a wannan yanki shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin garinsa, kuma Kanawa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun ɗansa Ahmadu Kuran Daga a ƙarshen shekarun 1890.

A daidai lokacin da ake wannan, can a Turai an riga an bar ɗuri ta baki. Wani maƙeri a birnin Faris mai suna Casimir Lefaucheux shi ne a shekarun 1830 ya haɗa abubuwa biyu da suka canza komai: harsashi wanda albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk suna cikin kwanso guda, da kuma bindiga mai gaɓa a tsakiya, wadda bututunta ke sunkuyawa ƙasa bayansa ya buɗe a zura harsashin. An baje ta a babban bikin baje koli na Landan a 1851, maƙeran Ingila suka gani suka ɗauka, suka yi ta gyara. A 1863 kamfanin Purdey ya fito da sakatar da ke kulle bututun ta ƙasa, a 1865 aka haɗa ta da ɗan harshen ƙarfen nan na sama da ake turawa gefe da babban yatsa, a 1875 kuma wasu ma'aikatan kamfanin Westley Richards biyu, Anson da Deeley, suka mayar da guduma cikin cikin bindigar ta daina leƙowa waje. Daga nan siffarta ta zauna. Wadda Kawu ke shimfiɗawa a kan buhu bayan shekara 100 ba ta da wani bambanci na a zo a gani da ta 1875.

Mai karatu zai ce to me ya hana ta zuwa hannun kakanninmu tun a lokacin? Hana su aka yi da gangan. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Brussels suka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin Afirka tsakanin layin digiri 20 na arewa da digiri 22 na kudu, Kano kuwa tana kan digiri 12, wato cikin yankin ke nan. Abin da aka bari a sayar wa baƙar fata shi ne bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi, kuma ban musa akwai wannan a ciki ba, amma shekara 13 bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Kanar Morland ya tsaya a bayan ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, an ga ɗaya amfanin yarjejeniyar. Sarki Alu yana Sakkwato, garin ya faɗi a yini guda, kuma kafin watan ya ƙare Waziri Ahmadu da barade masu yawa suka kwanta dama a Kwatarkwashi.

Saboda haka mai karyewa a hannun Nasara ta shigo Kano, kuma ba don yaƙi ba, don nishaɗi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa da Kwarori suka cika bayan gari. Joji da Di'o da manajan kamfani kowa da tasa a cikin akwatin fata, ranar hutu a fita harbin zabi da fakara a gonaki, ko a nausa fadamun Haɗeja neman dinya da kirinjijiya. Sannu a hankali aka fara ba sarakuna da hakimai da manyan attajirai lasin, har mallakarta ta zama wata alama ta isa, kamar mota ko agogon aljihu. Talaka kuwa yana nan da bindigar tokarsa. A ƙasar Faransa, wato wajen Maraɗi da Damagaram, wadda ta yaɗu ita ce ƙirar kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne, mai baki ɗaya da ake kira Simplex wadda ta fito a 1908, da mai baki biyu da ake kira Robust ta 1913. Daga baya, tun daga shekarun 1960, Baikal ta Tarayyar Sobiyat ta zo ta mamaye kasuwar Afirka ta Yamma saboda araha da jure wahala. Mu ma nan gida, masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ta taɓa ƙera mai baki ɗaya don farar hula.

Amma ainihin amsar tambayata tana cikin wata doka da mutane ƙalilan suka taɓa karantawa, wato dokar bindigogi ta 1959, wadda aka yi ana gab da samun 'yancin kai. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu, irin su bindigar soja da mai ruwa da ƙaramar nan ta aljihu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Kashi na biyu na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasinsu. Kashi na uku masu ɗuri ta baki, waɗanda aka sassauta wa. A kashi na biyun aka sa bindigar farauta, amma aka ce ban da mai sarrafa kanta, ban da duk wadda ke da wata na'ura mai sake ɗura mata harsashi. To idan ka cire waɗannan me ya rage? Mai karyewa kawai, wadda sai ka buɗe da hannunka ka zura ɗaya ko biyu. Wato doka ce da kanta ta zaɓa wa farar hula bindigarsa. Dokar ta kuma hana lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka gabata.

Bompai ita ce babbar yaya cikin unguwannin masana'antun Kano, tun kafin 'yancin kai aka fara kafa injunan matsar gyaɗa da saƙa da sabulu da turare da alewa a can, kusa da layin dogo. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, lokacin da Audu Baƙo, wanda shi kansa ɗan sanda ne, ya riƙe jihar har 1975, kuɗin man fetur kuma suka fara shigowa. Majemu suka tattara a Challawa saboda jima sana'a ce mai shan ruwa, ga kogi a kusa. Sharaɗa ta cika da kamfanonin roba da saƙa da ƙarafa har aka yi mata kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Kuma a tuna, a wancan zamani waɗannan wurare bayan gari ne sosai, da magariba ta yi sai kukan gyare. Ga kaya na miliyoyi a sito, ga albashin ɗaruruwan ma'aikata da ake ɗaukowa tsaba daga banki duk ƙarshen wata a ƙirga a zuba a ambulan. Yaƙin basasa kuma ya ƙare a 1970 ya bar makamai a hannun mutane, fashi ya yi yawan da a shekarar gwamnatin soja ta yi dokar da ta sa hukuncin kisa a kansa.

Masu gadin wancan lokaci iri uku ne. Akwai tsofaffin sojoji irin su Kawu. Akwai Buzaye da farin 1973 da 1974 ya koro daga arewa bayan dabbobinsu sun ƙare, da rawaninsu da takobinsu da butar shayi da ba ta sauka daga kan gawayi. Sai maharba da 'yan tauri daga ƙauyuka, masu kwari da baka da layu da bindigar toka. Mai baki biyu guda ɗaya ce tak a yawancin kamfanoni, lasinta da sunan mai kamfanin ko manaja, kuma a hannun shugaban masu gadi take kwana. Ko hakan ya dace da abin da takarda ta ce, wannan wata magana ce. Abin da aka yi ke nan.

Yanzu bari in dawo kan buhun nan, domin a nan ne na ga abin da ba a rubuta a littafi ba.

Abu na farko da Kawu ke yi idan ya ɗauko ta, ko da kuwa shi ya ajiye ta da hannunsa da asuba, shi ne ya juya bakinta ƙasa, ya tura harshen sama, ya karya ta ya leƙa. Wata rana na ce, "Kawu, ai kai ka cire harsashin ɗazu, ina gani." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanda ya cire ɗazu daban, ni da ke riƙe da ita yanzu daban." Ya kan ce an hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, don bai san inda Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba, kuma shi a soja ya binne mutum biyu da bindigar da aka rantse babu komai a cikinta ta kashe.

Idan ya tabbata babu komai sai ya rufe ta, ya ɓalle katakon gaba, wato wanda hannun hagu ke riƙewa a ƙarƙashin bututu. Sannan ya sake tura harshen, ya sunkuyar da bututun a hankali har ƙugiyar da ke ƙarƙashinsa ta saki ƙusar da yake juyawa a kanta, ya ɗaga shi. Shi ke nan ta zama uku: bututu, katakon gaba, da gindi tare da uwar bindigar. Bai taɓa wuce nan ba. Ya ce abin da ke cikin uwar, su guduma da zare-zaren ƙarfe, ba aikin maigadi ba ne, duk wanda ya sa sukundireba a wurin to ya nemi maƙerin bindiga ya biya shi sau biyu.

Yana da sanda ta musamman mai gaɓa uku da ake murɗawa a haɗa, da burushi na tagulla. Ta baya yake zura ta, ba ta baki ba, don kada ya ci gefen bakin. Ya goge, ya bi da tsumma har sai tsumman ya fito fari, sannan ya ɗaga bututun sama ya kalli rana ta cikinsa. A nan yake daɗewa. Yana neman tsatsa, yana neman rami, yana neman kumburi ko lotsawa, sai ya bi bayan bututun da yatsunsa kamar mai duba ƙwai. Daga nan ya ɗiga mai a tsumma, ba a bindigar ba, ya shafa sama-sama. Man keken ɗinki yake amfani da shi idan na kamfani ya ƙare. Abin dariya, ga shi a tsakiyar garin man gyaɗa, injin matsa yana bayan katangarsa, amma ya ce wanda ya shafa wa bindiga man gyaɗa ya cuce ta, domin yana daskarewa ya zama danƙo ya riƙe ƙarafan ciki. Yawan mai ma cuta ne. Idan aka jingine ta baki sama, man yana gangarawa ya jiƙa katakon gindi ya ruɓar da shi, shi ya sa shi baki ƙasa yake ajiye tasa a cikin kabad mai kwaɗo, harsasai kuma a wani akwati daban, makullan a aljihunsa.

Turawan da suka ƙera ta ba su san hunturun Kano ba. Da iskar nan mai ƙura ta taso, ƙurar tana haɗuwa da mai ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa, duk buɗewa da rufewa tana cin gaɓar. Katako kuma yana bushewa ya tsuke, ƙusoshi su saki. Da damina sai abin ya juye: tsatsa cikin kwana biyu, harsasan da kuma, masu kwanson takarda, su kumbura su ƙi shiga, ko su shiga su ƙi fita. Sai da masu kwanson roba suka yaɗu daga shekarun 1960 aka samu sauƙin wannan. Don haka da hunturu Kawu yana rage mai ya yawaita gogewa, da damina ya ƙara.

Wajen haɗawa nan ma da tsari. Ya goge ƙugiya da ƙusar tas, ya ɗan shafa musu maiƙo, ya riƙe gindin a hammatarsa, ya tura harshen sama ya riƙe, ya saƙala ƙugiyar a kan ƙusar ba tare da dukan komai ba, ya rufe a hankali, sannan ya mayar da katakon gaba har ya ji ya ce ƙas. Idan abu ya ƙi shiga, ba ya tilasta masa, sai ya cire ya sake dubawa. Kafin ya mayar da katakon ya kan riƙe ta ya girgiza, yana saurare. In ya ji bututu yana motsi a kan uwar, ko ya ga haske yana ratsawa tsakaninsu, to gaɓar ta ci, ba ta sake harbi sai ta je gyara. Kuma idan zai rufe ta da harsashi a ciki, gindin yake ɗagowa ya tarar da bututu, bakin yana kallon ƙasa, ba ya fizgo bututun sama yadda ake yi a fim ɗin kaboyi. Makullin da ke bayan harshen kuwa bai yarda da shi ba ko kaɗan. Ya ce kunama kawai yake riƙewa, in bindiga ta faɗi ƙasa tana iya tashi da makullinta a rufe. Shi ya sa idan yana zagaye da dare a karye take a kan hannunsa. Wannan, a ganina, shi ne babban abin da mai karyewa ta fi sauran bindigogi da shi: daga nesa kowa yana iya gani da idonsa cewa ba za ta tashi ba.

Akwai ranar da ya dawo gida ransa a ɓace, daga dubiya a asibiti. Wani abokin aikinsa ne a wata masana'anta a Sharaɗa, shi ma tsohon soja. Tasu bindigar ta yi wata da watanni a jingine a lungun ɗakin gadi, baki sama, ba mai taɓa ta, har damina ta wuce. Wani dare ya ji motsi a bayan katanga, ya fizgo ta cikin duhu ya zura harsashi ya harba sama don tsoratarwa. Ashe zanzaro ya yi ɗaki a cikin bututun, ya cika shi da laka ta bushe. Bututun ya tsage daidai inda hannun hagunsa yake, yatsu biyu suka tafi. Motsin da ya ji kuwa, da gari ya waye aka ga jaki ne. Tsautsayi ba a sa masa rana, haka mutane suka yi ta faɗa, amma Kawu bai karɓi wannan ba. Ya ce leƙawa ɗaya ce, ba ta kai tsawon atishawa ba.

A ranar ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin lambobin da ke jikin kwanso. Lamba 12 da ake faɗa, asalinta wai idan ka raba dalma mai nauyin laba guda gida 12 ka mulmula, kowace ƙwallo ɗaya ita ce faɗin bututun, wajen milimita 18 da rabi. Lamba 20 ta fi ta ƙanƙanta, kuma a nan haɗarin yake: harsashin 20 idan ya shiga bindigar 12 yana zurmawa ciki ya maƙale inda ido ba ya gani, mai ita ya ɗauka bai ɗura ba ya ƙara na 12 a bayansa. Haka nan tsawo: tsofaffin na Ingila an yi su ne don kwanso mai milimita 65, na baya-bayan nan 70 ne ko 76, kuma dogon yana shiga gajeren gurbi lafiya lau, sai an harba ake gane kuskure. Idan kuma ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka yi garajen buɗewa, ka bar bakinta inda babu kowa ka ƙirga 30 tukuna. Ya nuna mini wasu ƙananan hatimai a ƙarƙashin bututun. A Birmingham akwai gidan gwaji tun 1813, inda ake harba kowane bututu da ɗurin da ya wuce ƙa'ida, in ya jure a buga masa hatimi. Wannan hatimi shi ne abin da harba-ruga ƙirar gida ba ta da shi. Ban raina maƙeranmu ba, hannunsu yana da kyau, har mai karyewa suna kwaikwaya ka rantse daga Turai ta zo. Amma ƙarfen da ba a yi shi don wuta ba, ba a kuma gwada shi ba, mai harbi ne ke gwada shi da fuskarsa.

Shekarar 1986 ta zo da abubuwa biyu. Gwamnatin Babangida ta fito da shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, daga baya rashin wutar lantarki da atamfar fasa-ƙwauri suka ƙarasa aikin, masaƙu da kamfanoni suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya har cikin shekarun 2000. A shekarar ce kuma aka yi dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu, wadda ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga. Sai gadi ya rabu biyu: yaro mai inifam da kulki da tocila a bakin ƙofa, in kuma mai kamfani yana da hali ya nemi a turo masa 'yan sandan kwantar da tarzoma. Su ma ɓarayin sun canza makami, mai harbi biyu ba ta da ta cewa a gaban AK-47. Ranar 20 ga Janairu 2012 kuwa, hedikwatar 'yan sandan jiha da ke Bompai, inda masu lasin suka saba zuwa sabunta takardunsu, ita kanta tana cikin wuraren da 'yan Boko Haram suka kai wa hari, a ranar da aka kashe mutum aƙalla 185 a Kano.

Masu kuɗi sun koma wa wadda ake zuge katakon gabanta tana ɗura kanta, alhali ita ce ainihin wadda dokar 1959 ta cire daga kason farar hula. A Janairun 2017 jami'an kwastan suka kama guda 661 a Legas, a Satumbar shekarar suka kama wasu 1,100, a 2018 kuma Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattaro irinsu daga hannun jama'a. Shi kuma talaka mafarauci, wanda har yau shi ake ɗauka gadin kasuwa da unguwa da gona daga nan har kudu, yana nan da ƙirar gidansa, kuma tsoron da ƙasa ke ciki ya sa ganin bindiga a hannunsa kaɗai ya isa ya jawo masa ajali. A ƙarshen Maris 2025 wasu mafarauta suna dawowa gida Kano daga Fatakwal don yin Salla, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu taron dangi aka kashe 16, yawancinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Allah Ya jiƙansu.

Ita kuwa ta Kawu, da kamfanin ya tashi rufewa, manajan ya kira shi ofis ya ce a kai ta wurin 'yan sanda tunda mai lasin zai bar ƙasar. Ranar Lahadin ƙarshe ya shimfiɗa buhunsa kamar kullum, ya raba ta uku, ya goge, ya ɗaga bututun ya kalli rana. Washegari ya naɗe kowane kashi daban a cikin tsumma, ya sa a jaka, ya raka manajan har kanta, ya tsaya sai da aka rubuta lambarta a rajista aka ba su rasit. Sandar gogewar ce kawai aka ce ba a buƙata. Tana nan a gidanmu a Gwagwarwa, gaɓa ɗaya ta ɓata, da sauran biyun ake zaƙulo abin da ya faɗa bayan kabad.